Zugun Kawu Mati a Tagar Bene

A Gaya na fara sanin abin da ke cikin ƙullin Kawu Mati. Gada a rufe take, sai kwalekwale, mai kwalekwalen kuwa ya loda mu har ruwa na lasar bakin katako. Kowa ya rungumi jakarsa. Shi Kawu ya bar jakar tufafinsa cikin ruwan da ke kwance a ƙasan jirgin, ya ɗora wani ƙullin leda bisa kai, ya dafe da hannu biyu har muka ƙetare.

"Kawu, zinariya ce?" na ce mashi da muka hau tudu.

"Ta fi zinariya. Rigar tafiyata ce."

Wan mahaifiyata ne, mutumin Urafane, dogo har sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ni ɗan Maijirgi ne, sunana Sallau. A shekarar tsutsa ta ci hatsi a garuruwanmu biyu, shi kuma ya taɓa yin gadi a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa yana saurayi, sai ya ce in biyo shi, ya san hanya. Gindin wata bishiya a tsallaken kogi ya kwance ƙullin ya nuna mani. Zugu ne, farin saƙar hannu, sawu-sawu an haɗa, irin wanda kakanninmu ke tanada don likkafani. Matarsa, Inna Tsahara, ta shekara uku tana kaɗin zaren, aka kai ma wani tsohon masaƙi a Tasawa, aka raba biyu. Ita ta riga ta tafi cikin nata rabin. A ƙasan nasa an gitta wasu sawu biyu saboda tsawonsa, zaren wurin wani kauri wani siriri.

"Nan hannunta ya fara rawa," ya ce, yana shafa wurin. "Sallau, duk inda ta same ni, cikin wanga za ka sa ni. Ka ji?"

"Na ji, Kawu. Amma don Allah mu fara cin abinci tukuna."

Haka nake, bakina ba ya kwana. Ɗiyarsa Hinda, taubashiyata, tun muna yara take cewa ranar da aka rufe ni sai an ɗora dutse bisa bakina. Ko a hanyar nan saƙon muryarta bai bar ni ba: "Bawana, ka riƙe mani tsoho da kyau, kada ka sayar da shi ka sayi tsire."

A Kwatano wanda ya cuce mu Hausa yake yi, Hausar gida tsantsa, har ya tambaye mu ya ruwa ya yi a Kanan Bakashe. Ya yanka mana tikitin mota har Abijan. Motar ta sauke mu a iyakar Togo, direba ya ce shi nan ya sani. Daga nan tafiya ta zama guntu-guntu, kowace iyaka da nata masu kaki da nasu hannun. A wata iyakar wani ya zunguri ƙullin Kawu da kulki ya ce a buɗe. Na gaya mashi da guntun Faransancin da na tsinta a lakwal, makarantar boko, cewa tufar gawa ce. Ya ja da baya, ya goge hannu a wando, ya ce mu wuce. A Lome wata mai dokunu ta ga yadda muke kallon tukunyarta, ta miƙo mana ƙulli biyu da yaji, ta juya baya kafin mu yi godiya.

Abijan ba ta san Kawu ba. Mutumin da ya dogara da shi ya daɗe da rasuwa, gidan da ya yi ma gadi ya zama gidan mai, wurin shan esansi. Ya tsaya bakin titi yana nuna mani inda bishiyar mangwaro take a da, motoci na yi mana ham. Mun yi sati uku a barandar masallaci, ina dako a kasuwa, shi yana tsaron takalma. Wani mai shayi ɗan Mayahi ne ya ce mu je wani tsohon gari a bakin teku, akwai otal da ke neman mai gadi da mai wanke-wanke.

Garin tsoffin gidajen Nasara ne, bishiyoyi sun tsiro ta cikin bangaye, gishirin teku ya cinye ƙarafa. Otal ɗin kanti ne a zamanin da, bene mai hawa biyu. An gyara rabi, rabi kuma an bar shi yana ruɓewa da gangan. Mai wurin, Madam Odil, ta dubi tsawon Kawu ta ce ya yi gadi, ni ta tura ni madafa. Ta ba mu wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye gangunan manja a da. Babu taga, bangon kullum yana gumi, amma yana da ƙofa, kuma mun daɗe ba mu kwana bayan ƙofa ba.

Sai da na kwana biyu na gane abin da otal ɗin ke sayarwa. Tsoro suke sayarwa. Wai matar Baturen da ya gina kantin ciwon shawara ya kashe ta tana jiran jirgin da zai mai da ta ƙasarsu, wai har yau tana tsayuwa a tagar bene cikin fararen kaya tana duban teku. Da almuru ake tara baƙi a tsakar gida, a kashe kuran, wato wutar lantarki, wani ma'aikaci mai suna Kofi ya yi ta ba su labari da ƙaramar murya. Kai jama'a! Mu a Maijirgi in aka ce kuka kaza tana da iska, hanya ake sakewa ko da za a ƙara tafiyar wuni. Waɗannan jirgin sama suke hawa su zo neman abin da muke yi ma a'uziyya. Na share benen nan sau ba adadi, ban ga komai ba sai jemagu da iskar teku da ke buga murafen taga. Fatalwar kuwa wani mai kai abinci ne ke lulluɓa da zanen gado.

Ranar da asiri ya tonu wani baƙo ya ɗauki hoto, ya ƙara girmansa, sai ga hatimin otal ɗin a gefen rigar fatalwa. Ya sa a intanet, duniya ta yi dariya, ɗakuna suka fara kwana ba kowa. A daidai lokacin damina ta sauka, irin tasu da ba ta ɗaukewa, tari ya kama Kawu, ƙafafunsa suka kumbura har ya kasa tsayuwa a ƙofa. Madam ta leƙo ɗakin, ta toshe hanci.

"Mai gadin da ke kwance ba mai gadi ba ne. Ƙarshen sati ina son ɗakina."

Da yamma ina goge tebura na ji tana ce ma Kofi da za ta samu tsohuwar tufa, ta gaske, saƙar hannu wadda ba mai cewa daga kanti ta fito, da ta gyara sunan gidanta. Ba wanda ya tambaye ni. Bakin nan nawa ne ya buɗe da kansa.

"Madam, in na kawo, tsoho zai zauna?"

Na gaya ma kaina aron yamma ɗaya ne. Na gaya ma kaina don shi nake yi, ina zan kai mara lafiya cikin ruwan nan? Da can kowace Juma'a Kawu na shanya zugun, ya sake mashi ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda asu, amma tun da ya kwanta sai dai ya yi matashi da ƙullin. Ranar Talata bayan azahar na kai shi makewayi, na dawo da gudu, na zare zugun, na ninke zanen gado biyu na cusa a ledar, na ɗaure yadda yake ɗaurewa. Ko ɗar ban ji ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan in na tuna.

Madam ta shafa tufar, ta shinshina, idonta ya yi haske. Ta ce ni zan sa, na fi mai kai abincin nan tsawo da rama. Da almuru na hau benen da ya ruɓe, na lulluɓa, na tsaya a taga. Cikin zugun akwai ƙamshin bedi da hayaƙin ɗakin Inna Tsahara, ɗakin da na sha fura ina yaro. Hawaye suka zubo mani, jikina ya ɗauki rawa. A ƙasa wata mata ta ƙwalla ƙara ta faɗi, wayoyi suka yi ta walƙiya. Da na sauko Madam ta dafa kafaɗata ta ce rawar jikin nan ta yi kyau, in riƙa yi kullum.

Yamma ɗaya ta zama sati, sati ya zama wata. Ta kulle zugun a kabad ɗinta, sai lokaci ya yi ta ba ni. Gaskiya ɗaya ce, ta bar mana ɗakin, ta kuma aika farmasi aka sayo ma Kawu magani. Sai wata rana ta miƙo mani na ga ya koma ja-ja. An jiƙa shi da ruwan shayi don ya yi tsufa, an babbake gefensa da kyandir, sawu biyun nan na ƙasa kuma babu su.

"Madam, ina sauran?"

"Kana taka su, za ka faɗo mani daga bene. Je ka duba wurin karɓar baƙi."

Na je. Ƙananan kwalabe ne jere a kan tebur, kowace da ɗan ƙyalle kamar farcen yatsa a ciki, an rubuta rigar matar taga. Baƙi na saye su tafi da su gida. Na koma na yi mata ihu da Hausa da Faransanci da duk abin da ya zo bakina. Ta bari na gama, ta ce, "Ɗaki da magani, ko tufa. Zaɓi." Ni Sallau mai baki, na ɗauki zugun na hau bene.

Wata yamma jikin Kawu ya yi ɗan sauƙi, ya lallaɓo zuwa famfon gefen tsakar gida don alwalar magariba. Tun da ya kwanta bai taɓa fitowa a wannan lokaci ba, kuma ban taɓa gaya mashi aikin da nake yi in rana ta faɗi ba. Ta cikin saƙar nake hangensa. Ya cika buta, ya miƙe, ya ɗaga kai. Butar ta faɗi. Ya daɗe a tsaye, baƙi na ta ɗaukar hoto a gabansa ba wanda ya lura da shi, sannan ya dafa bango ya koma.

Na tarar da shi zaune, ya jingina, idonsa a buɗe.

"Sallau, na ga Tsahara."

"Kawu, zazzaɓi ne."

"Kul! Ban san saƙar gidana ba? Duk ƙasar nan wa ke da irinta? Zugunta ne." Ya kamo hannuna. "Amma ya yi dauɗa, Sallau. Gefensa ya ƙone. Jikinta rawa yake. Mi ta yi? Tun da na auro ta ban ga ta bar salla ba, ban ji ta ci naman kowa ba. Ko ni ne na ja mata? Ko wani haƙƙi na ci na ciyar da ita?"

Kalma uku za su ishe shi. Ban faɗa ba.

Ya daina cin abinci. Ya riƙe tasbaha yana nema mata gafara, in ya gaji ya yi kuka ba sauti. Ya cire agogonsa ya ce in kai masallaci sadaka da sunanta. Kwana uku yana haka, kwana ukun nan kuma kowace almuru ina hawa taga, don ɗakuna sun cika. Na tsani kaina, na tsani teku, na tsani dariyar baƙin in an kunna kuran. Ma Aya, tsohuwar da ke dafa abinci, Kirista ce, ba ta jin Hausa, amma ita ke kai ma Kawu romo tana dawowa da shi yadda ta kai. Rana ta uku ta dangwarar da kwanon a gabana.

"Kai, ɗana. Tari ba zai kashe shi ba, kai za ka kashe shi. Je ka gaya mashi."

Da hantsi na durƙusa gabansa, na zaro ƙullin daga ƙarƙashin kansa, na kwance. Zanen gado biyu suka zube, hatimin otal a gefe. Na faɗa mashi duka, kaina a ƙasa. Ya dubi zanen, ya dube ni.

"Kai ne a tagar?"

"Ni ne, Kawu."

"Ba ita ba ce?"

"Ba ita ba ce."

Ya koma ya kwanta, ya rufe ido, ya ce Alhamdu lillahi ya fi sau goma, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Na jira ya tsine mani, wallahi na so ya tsine mani. Abin da ya ce kawai, "Ba ni ruwa. Kuma ka ɗauko mani abina."

Madam ta ce sai Litinin, akwai baƙi da suka zo daga nesa don ƙarshen sati. Na ce mutum na mutuwa, ta ce ba yau zai mutu ba. Ina tsaye a madafa ina neman abin da zan fasa kabad da shi, Ma Aya ta shigo da bahon wanke-wanke a kai, ta sauke, ta ɗaga tukwane. Zugun na ƙasa. Ta ce mu tafi kafin la'asar, ita ta wuce shekarun tsoron Madam. Na goya Kawu a baya, dogon mutumin nan ƙafafunsa na jan ƙasa, muka fita ta ƙofar baya cikin yayyafi.

Wani tela Bajule, Musulmin ƙasar, kusa da masallaci, Malam Sidiki, ya share mana bayan shagonsa ba tare da ya tambayi ko mu su wa ne ba. Na wanke zugun ruwa bakwai, da sabulu, da lemun tsami, shayin bai fita ba. Da ya bushe na kai ma Kawu. Ya bi shi da yatsa sawu bayan sawu har ya kai ƙasa, ya lalubi inda sawu biyun suke, ya tarar da bakin almakashi. Ya riƙe wurin. Bai ta da maganar ba, ranar ko bayanta. Ya ci gaba da ce mani ɗana, yana shan kunu daga hannuna, kwana tara, sannan ya cika wata Laraba rana na tsaka.

Mu huɗu muka yi mashi wanka. Da muka naɗe shi, zugun ya tsaya a tsakiyar ƙwauri, ƙafafunsa biyu a waje. Malam Sidiki ya tashi ya yanko farin yadi daga shagonsa, muka haɗa. Sama ja-ja, ƙasa fari fat na kanti. Liman ya tambayi abin da ya sami likkafanin, na ce tsufa ne. Ƙasar maƙabartarsu yashi ce, kafin a yi nisa da haƙa ruwa ya fara tsattsafowa, haka muka sa shi.

Na yi wata biyar ina tura amalanke a Abijan kafin in iya komawa gida. Sau ɗaya na je garin bakin tekun in yi ma kabarin sallama, na bi ta ƙofar otal ɗin. Sun kafa babban allo da hoton fatalwarsu a taga. Ni ne, cikin zugun Kawu, lokacin yana da sawayensa cikakku. Wasu baƙi biyu na tsaye gabansa suna murmushi ana ɗaukar su hoto.

Urafane na fara sauka kafin Maijirgi. Aka taru a zaure, na amsa duk abin da aka tambaya: ciwon, kwanakin, wa ya sallace shi, mutum nawa suka raka shi. Da mutane suka watse Hinda ta kawo mani ruwa, ta zauna a bakin ƙofa.

"Bawana, ka rame kamar kara," ta ce, tana ƙoƙarin murmushi. Sai ta rage murya. "Cikin zugun Inna ka sa shi?"

"Cikinsa."

"Ya rufe mashi ƙafa?"

Tun daga Gaya nake shirya amsoshi, ban shirya ma wannan ba. Na ajiye ƙwaryar, na gaya mata komai, tun daga ranar Talatar nan har kwalaben da ke can a ƙasashen da ban san sunansu ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana duban tafin hannunta.

"Sawu biyun nan," ta ce, "Inna ba ta iya riƙe mazari lokacin. Ni na kaɗa zaren, ban ma iya ba, tana kwance tana gyara mani. Ta ce kada in gaya ma Baba, ya ɗauka duka nata ne. Ni kuma na ce ba komai, ko ban raka shi ba, hannuna na ƙafarsa."

Ta ɗauki ƙwaryar ta shiga gida.

Shekara biyu ke nan. Muna haɗuwa a suna da biki da ranar kasuwa. Ba ta taɓa faɗa ma kowa ba, ba ta taɓa ɗaga mani murya ba. In ta gan ni takan rusuna ta ce, "Ina wuni, Malam Sallau, ya iyali?" Ta jira in amsa, ta wuce.